Likita, zai sake? Tambayar da ta gagari masana da alƙalai

Wasu shekaru da suka wuce na raka baffana wani asibitin masu taɓin hankali domin mu ji ta bakin likita game da ɗansa. Yaron, wanda a lokacin bai wuce shekara 24 ba, ya daɗe yana shan wiwi da maganin tari, daga baya kuma ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana zuba masa wani abu a abinci. Wata rana da asuba ya ɗauki taɓarya ya rafka wa yayansa a ka, saura ƙiris a rasa rai. Magana ta je wurin 'yan sanda, ta kai kotu, alƙali ya tura shi asibiti. Bayan wata biyar aka aiko mana cewa ya samu sauƙi, ana so a san inda za a mayar da shi.

Baffa bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Likita, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. In na kai shi gida, zai sake?" Likitan ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Baba, in na ce maka ba zai sake ba na yaudare ka, in kuma na ce zai sake na zalunce shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne abubuwan da in sun haɗu haɗari zai ƙaru, da waɗanda in an tsare su zai ragu." Daga nan ya shiga jero mana nasa tambayoyin: wa zai riƙa ba shi magani, ɗakin wa zai kwana, abokan da ke sayar masa da kayan maye suna unguwar har yanzu, wa ya fara lura ya daina barci kafin abin ya faru. Na fito raina a ɓace. Na ce a zuciyata, mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a karatu, amma ya kasa cewa e ko a'a?

Wannan ɓacin rai ne ya sa na shiga bibiyar fannin da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam a fagen shari'a, musamman reshensa na auna haɗarin tashin hankali, wato aikin da kotu ko gidan yari ko asibiti ke ba masani na ya duba mutum ya faɗi ko akwai fargabar zai cutar da wani nan gaba. A Amurka da Kanada da Birtaniya, inda fannin ya fi bunƙasa, da irin wannan rahoto ake yanke shawarar ba da beli, da tsawon ɗauri, da sallama daga asibiti, a jihar Texas ma har da hukuncin kisa. Abin da na tarar shi ne, likitan da na raina shi ne ya yi magana irin ta masu ilimi, kuma kafin masana su yarda su riƙa amsawa kamar yadda ya amsa sai da aka salwantar da rayuka da shekarun mutane masu yawa.

Mutum 967 da aka ce ba a iya saki

A shekarar 1959 wata kotu a jihar New York ta ɗaure wani mutum mai suna Johnnie Baxstrom bisa laifin duka. Yana cikin zaman wa'adinsa, a 1961, likitan gidan yari ya ce ya samu taɓin hankali, aka mayar da shi asibitin Dannemora, inda ake tsare fursunonin da suka zautu. A ƙarshen wannan shekarar wa'adinsa ya cika, amma aka ci gaba da riƙe shi, ba tare da an ba shi damar da doka ta ba kowane ɗan ƙasa ta ya ƙalubalanci tsarewar ba. Ya yi ta kai ƙara har maganar ta isa Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Fabrairun 1966 ta ce an tauye masa haƙƙi.

Hukuncin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Dole ta sa hukumomin jihar suka kwashe mutum 967 daga Dannemora da takwaransa Matteawan zuwa asibitocin gama-gari, mutanen da likitoci suka shafe shekaru suna cewa sun fi ƙarfin a ajiye su a wurin da ba shi da tsaro mai tsanani. Ma'aikatan asibitocin da aka kai su sun tsorata, ana ta jiran a ji an fara zubar da jini. Wasu masu bincike biyu, Henry Steadman da Joseph Cocozza, suka bi sawunsu har shekara huɗu, suka wallafa sakamakon a 1974. A cikin mutum 967, 26 ne kacal aka mayar asibitocin tsaro. Waɗanda aka samu da kai wa wani hannu, ko a asibiti ko a gari, ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Gaskiya ne da yawansu sun manyanta a tsare, kuma shekaru na kwantar da zafin kai, amma ai wannan ma tuhuma ce a kan masu tsare su, domin babu wanda ya koma ya duba ko dattijon da ke gabansa shi ne matashin da aka kulle tun da can.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Ba don kotu ta buɗe ƙofa da ƙarfin doka ba, da har gobe ba wanda zai san an yi kuskure. Mutumin da aka tsare saboda an ce zai yi ɓarna ba shi da hanyar nuna cewa ba zai yi ba, tun da rashin ɓarnar tasa ma sai a ce albarkacin tsarewar ce. A 1981 wani masani mai suna John Monahan ya tattara binciken da ake da su a lokacin, ya kammala da cewa a cikin kowane hasashe uku na tashin hankali da likitoci da masana halayya suka yi a kan irin waɗannan mutane, bai fi ɗaya ke zama gaskiya ba. Tun kafin nan, a 1974, wasu marubuta biyu, Bruce Ennis da Thomas Litwack, sun kwatanta shaidar masana a kotu da jefa kwabo sama a ga fuskar da zai faɗi a kai.

Likitan da bai san shakka ba

Duk da haka kotuna ba su daina neman mai ce musu e ko a'a ba, kuma mai nema yana tare da samu. A Texas doka ta tanadi cewa kafin a yanke wa mai kisan kai hukuncin kisa, sai masu taya alƙali hukunci, wato mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, sun amsa tambayar ko akwai yiwuwar zai ci gaba da zama barazana ga al'umma. A nan ne wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin Dallas, James Grigson, ya yi suna. Ya ba da shaida a shari'o'in kisa fiye da 100, kusan kullum a ɓangaren masu gabatar da ƙara, har jaridu suka laƙaba masa suna Likitan Mutuwa. A wasu shari'o'in ko ganin wanda ake tuhuma bai yi ba. Lauyan gwamnati zai karanto masa siffofin mutumin a matsayin misali, shi kuma ya tabbatar wa kotu cewa mai irin wannan hali zai sake, babu tantama.

Haka ya yi a shari'ar Thomas Barefoot, wanda aka samu da laifin harbe ɗan sanda a 1978. Grigson bai taɓa zama da shi ba, amma ya ce yana da tabbaci ɗari bisa ɗari cewa zai sake aikata ta'asa. Da maganar ta je Kotun Ƙoli, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da kanta ta rubuto wa kotu cewa 'ya'yanta ba su da ilimin yin irin wannan hasashe na dogon lokaci, kuma biyu cikin uku na hasashen kuskure ne. A 1983 alƙalai shida cikin tara suka ce duk da haka a karɓi shaidar. Mai Shari'a Byron White, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya kafa hujja da cewa ai ko ƙungiyar ba ta ce likitoci kullum suna kuskure ba, cewa ta yi galibi suna kuskure, kuma lauyan wanda ake tuhuma na iya tona raunin shaidar da tambayoyi. Mai Shari'a Harry Blackmun ya ƙi amincewa, yana ganin talakan da aka ɗora a kujerar hukunci ba zai iya ture maganar mutumin da aka gabatar masa a matsayin likita ba. A watan Oktoban 1984 aka zartar wa Barefoot hukuncin kisa.

Ba wanda zai iya cewa ga abin da Barefoot zai yi da an bar shi da rai. Amma akwai wani da tarihi ya ba mu damar ganin ƙarshen labarinsa. A 1977 aka yanke wa Randall Dale Adams hukuncin kisa bisa zargin kashe wani ɗan sanda a Dallas. Ba shi da tarihin laifi ko ɗaya. Grigson ya zauna da shi na 'yan mintoci, ya shaida wa kotu cewa mutum ne marar imani wanda zai sake kisa, ya kuma ɗauki rashin nadamarsa a matsayin hujja. A 1979 saura kwana uku a kashe shi aka dakatar da hukuncin. Wani fim na binciken gaskiya da Errol Morris ya fitar a 1988 ya tona yadda aka gina shari'ar a kan shaidar ƙarya, a 1989 aka sake shi bayan shekara 12 a kurkuku. Ashe rashin nadamar tasa ta mutumin da bai aikata ba ce. Ya rayu har 2010 ba a ji ya taɓa kowa ba. Shi kuwa matashin da ya ba da shaida a kansa, David Harris, an kashe shi a 2004 saboda wani kisan da ya yi a 1985. A 1995 ƙungiyar likitocin ta kori Grigson saboda yanke hukunci a kan mutanen da bai duba ba da kuma iƙirarin tabbacin da ilimi bai ba shi ba.

Daga ganin ido zuwa lissafi

Wannan abin kunya ne ya tura masana neman wata hanya. Tun a 1954 wani masanin halayya, Paul Meehl, ya nuna cewa lissafi mai sauƙi, irin wanda kamfanonin inshora ke yi, yakan kamo ko ya zarce hasashen ƙwararre mai dogara da gogewarsa. Dalili kuwa sananne ne: ƙwararre ɗan Adam ne, munin laifi na ruɗarsa, fuska da iya magana na jan hankalinsa, yana tuna inda ya dace ya manta inda ya kuskure. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan fage dai fuska ta sha yin ƙarya.

A 1993 wasu masu bincike uku a Kanada, Grant Harris da Marnie Rice da Vernon Quinsey, suka bi tarihin maza 618 da suka ratsa ta wani asibitin tsaro da ke Penetanguishene a lardin Ontario. A cikin kimanin shekara bakwai, kashi 31 cikin ɗari sun sake aikata laifin tashin hankali. Suka duba abin da ya bambanta waɗannan da sauran, suka fitar da ma'auni mai abubuwa 12 da ake kira VRAG. A cikinsu akwai shekarun mutum lokacin da ya yi laifin, da fitinarsa tun yana firamare, da matsalar giya, da karya sharuɗɗan saki a baya, da ko ya taɓa aure, da ko ya tashi a gaban iyayensa biyu har ya kai shekara 16. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ciwon sikizofireniya, wanda ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa, rage maki yake yi a wannan ma'auni. A cikin masu laifin da aka bi sawunsu, mai wannan ciwo bai kai mai lafiyayyen hankali da mugun hali yawan komawa ɓarna ba.

Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda gidauniyar MacArthur ta ɗauki nauyi aka wallafa a 1998, ya ƙara haske. An bi mutum 1,136 da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa a birane uku har shekara guda, aka kwatanta wasunsu da maƙwabtansu 519 a birnin Pittsburgh. Inda babu shaye-shaye, ba a ga wani bambancin kirki tsakanin majinyatan da maƙwabtansu ba wajen tashin hankali. Inda shaye-shaye ya shigo, haɗari ya tashi a ɓangarorin biyu, ya fi tashi a wurin majinyatan. Kuma yawanci abin a gida yake faruwa, a kan dangi da abokai. Da na karanta wannan sai na tuna da taɓaryar nan, na kuma gane dalilin da ya sa likita ya fi damuwa da masu sayar da wiwi a kan sunan ciwon.

Sai dai ma'aunin lissafi zalla yana da nasa aibin. Kusan duk abin da yake ƙirgawa ya riga ya wuce, ba ya canzuwa. Mutum ko ya shekara 20 yana gyara halinsa, makinsa na firamare na nan, kamar dai an ɗauki karin maganar nan ta hali zanen dutse an mayar da ita doka. Saboda haka a 1995 Christopher Webster da abokan aikinsa, su ma a Kanada, suka fito da HCR-20, wanda aka sabunta a 1997 da 2013. Abubuwa 20 yake dubawa: 10 na tarihi, biyar na halin da mutum ke ciki yanzu, kamar ko ya yarda ba shi da lafiya da ko magani na yi masa aiki, biyar kuma na abin da zai tarar a gaba, kamar wurin zama da masu tallafa masa da damuwar da ke jiransa. Ba a tara maki a ce ga amsa. Masani ne zai auna, ya bayyana irin ɓarnar da ake tsoro, a kan wa, a wane yanayi, da matakin da zai hana ta. Tambayoyin da likitan nan ya yi wa baffa, ashe daga irin wannan tsari suka fito.

Lissafin da ba ya ƙarya, da inda yake cuta

To shin an warware matsalar? A 2012 Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokansa suka haɗa sakamakon rukunin bincike 73 daga ƙasashe 13, da suka ƙunshi mutum 24,827. Suka gano cewa a cikin mutum 100 da ma'aunan suka ce suna da matsakaici ko babban haɗari, kimanin 41 ne suka aikata tashin hankali. A cikin 100 da aka ce haɗarinsu kaɗan ne kuwa, 91 ba su yi komai ba. Wato ma'aunan sun fi iya nuna wanda za a saki hankali kwance a kan wanda ya kamata a riƙe.

Dalilin haka lissafi ne da ɗan sakandare zai iya bi. Mu ƙaddara akwai mutum 1,000, 50 daga cikinsu ne za su yi ɓarna, muna kuma da ma'aunin da ke dacewa sau takwas cikin goma. Zai kamo 40 daga cikin 50 ɗin, goma su zille. A cikin 950 da ba ruwansu kuwa zai yi kuskure a kan 190. Ke nan mutum 230 za a shafa wa baƙin fenti, 190 daga cikinsu ba za su taɓa cutar da kowa ba. Muddin abin da ake hasashe ba kasafai yake faruwa ba, waɗanda za a zalunta za su fi waɗanda za a kama yawa. Ma'auni na iya cewa a cikin masu kama da wane kaza ne suka sake, amma kama da wane ba ta wane.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar mantawa da wannan. Daga 2005 ta fara wani ɗauri marar wa'adi domin kare jama'a, inda fursuna ko ya cika mafi ƙarancin shekarun da aka yanka masa ba zai fita ba sai ya gamsar da hukumar sakin fursunoni cewa ba shi da sauran haɗari. An yanke wa mutum fiye da 8,000 wannan hukunci, wasu a kan laifin da bai wuce ɗaurin shekara biyu ba. A 2012 aka soke dokar, amma sokewar ba ta shafi waɗanda ke ciki ba, har a 2024 akwai fiye da mutum 1,000 da ba a taɓa saki ba. David Blunkett, ministan harkokin cikin gidan da ya kawo dokar, ya fito fili ya yi nadama.

Bayan kuskuren lissafi akwai na son zuciya. A wani gwaji da aka wallafa a 2013, Daniel Murrie da Marcus Boccaccini da abokansu sun biya masana 108 kuɗi su duba fayil iri ɗaya, aka sa wasu suka ɗauka masu gabatar da ƙara suke yi wa aiki, wasu kuma masu kare wanda ake tuhuma. Na farkon suka ba da maki mai yawa, na biyun suka ba da kaɗan, alhali ma'auni ɗaya ne a hannunsu. A shari'ar Duane Buck a Texas a 1997, wani masanin halayya ya shaida wa kotu cewa kasancewar mutum baƙar fata na ƙara yiwuwar ya yi ta'asa, aka yanke masa hukuncin kisa. Sai a 2017 Kotun Ƙoli ta ce ba a hukunta mutum saboda launin fatarsa, daga bisani aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Kwamfuta ma ba ta tsira ba. A 2016 'yan jaridar ProPublica sun bincika manhajar COMPAS a wata gunduma ta jihar Florida, suka tarar a cikin waɗanda ba su sake laifi ba, kusan kashi 45 cikin ɗari na baƙaƙen fata an yi musu tambarin babban haɗari, farare kuwa kashi 23. Kamfanin ya musanta cewa manhajar na nuna bambanci, muhawarar kuma ta daɗe, amma ta tabbatar da cewa ma'aunin da aka gina a kan alƙaluman kamun 'yan sanda yana gadon duk wani son kai da ke cikin kamun.

Ɗaya gefen wuƙar

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a watsar da aikin a saki kowa. Sakaci ma yana kisa. A ranar 13 ga Yunin 2023, a birnin Nottingham na Ingila, Valdo Calocane ya kashe ɗalibai biyu 'yan shekara 19 da wani ma'aikacin makaranta ɗan shekara 65. An san da ciwonsa tun 2020, an kwantar da shi asibiti da ƙarfin doka har sau huɗu, an san yana ƙin shan magani, an san ya taɓa kai wa mutane hari. Duk da haka a watan Satumban 2022 aka sallame shi daga kulawar ƙwararru saboda ya daina zuwa. Hukumar da ke sa ido kan asibitocin Ingila ta ce a rahotonta na Agustan 2024 takardun auna haɗarinsa sun rage nauyin wasu muhimman bayanai, wasu ma sun tsallake su. A nan ba a buƙaci mai duba ya hango ranar 13 ga Yuni ba. Abin da aka buƙata shi ne wanda zai karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ya saurari iyali, ya gane cewa majinyacin da ya ɓace shi ne ya fi cancanta a nema.

Wannan shi ne tsaka mai wuyar da masu wannan aiki ke ciki, gaba kura baya sayaki. Kurakuran biyu kuma ba su da nauyi ɗaya a idon jama'a. Wanda aka saka ya yi kisa yana da suna da hoto a shafin farko, wanda aka riƙe a banza kuwa ba mai jin ɗuriyarsa sai uwarsa. Shi ya sa masanin da ke tsoron jarida kullum zai karkata ga cewa a riƙe. A nawa ganin, rahoton kirki ana gane shi da abu huɗu: ya faɗi irin mutanen da aka gwada ma'auninsa a kansu da yawan kuskurensa, ya bambanta abin da ya wuce da abin da ake iya gyarawa, ya sa wa kansa wa'adin da za a sake dubawa, ya kuma ƙare da abin da za a yi. Duk masanin da ya ce ɗari bisa ɗari, alƙali ya yi hattara da shi.

Mu nan gida muna da namu darasin. Dokar masu taɓin hankali ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, ita ta yi ta aiki a Nijeriya har zuwa Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu wannan lalura da mari a wurare daban-daban na ƙasar, ta kuma ce likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Mari ma ai hasashe ne, na wanda ya yanke cewa zai sake, ya kuma rufe ƙofar a gane ko ya yi kuskure. In kuma za mu aro ma'aunan waje, mu aro da ido buɗe. A 2018 Kotun Ƙolin Kanada, a ƙarar Jeffrey Ewert, ta ce hukumar gidajen yarin ƙasar ta gaza a aikinta da ta ci gaba da amfani da irin waɗannan ma'aunai a kan 'yan asalin ƙasar ba tare da ta tabbatar sun dace da su ba. In haka ta faru a ƙasar da aka ƙera su, ina ga ƙasar da yaro kan tashi a hannun gwaggo ko kaka ko malamin allo ba tare da gidansu ya watse ba? Tambayar ko ya zauna da iyayensa biyu har shekara 16 ba abu ɗaya take aunawa a Ontario da Katsina ba.

Ɗan baffana dai mun mayar da shi gida. An raba masa ɗaki da yayansa, mahaifiyarsa ta karɓi aikin ba shi magani, aka kai shi wurin wani ɗan uwa mai aikin kafinta a wata unguwa nesa da tsofaffin abokansa. A shekara ta biyu magani ya yanke na wasu makonni saboda rashin kuɗi. Mahaifiyar ta lura ya kwana uku bai runtsa ba, ya kuma fara ture kwanon abinci, alamomin da likita ya ce a kula da su. Ba a jira an ga taɓarya ba, a ranar aka mayar da shi asibiti, ya yi sati uku ya dawo. Yau in wani ya tambaye ni ko zai sake, amsar da ta ɓata mini rai a wancan lokaci ita zan ba shi. Abin da ke hannunmu shi ne maganinsa da barcinsa da abokan zamansa, kuma a kansu muka sa ido. Allah ya sa mu dace.